Zafin Bazara Da Mai Juna Biyu: Abin Da Rana Ke Yi Wa Ɗan Da Ke Ciki

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Ƙonni, ko ta Illela, ko ta Ɗan Isa a cikin watan Afrilu ya san yadda rana ke yi da misalin ƙarfe ɗaya. Rumfar kwano ta koma tanda, takalmin roba ya yi laushi a ƙafa, awaki su shige ƙarƙashin manyan motoci su ƙi fitowa ko an kore su. A daidai wannan lokaci, idan mai karatu ya ɗaga kai ya duba da kyau, ba zai rasa ganin mata masu juna biyu a cikin hada-hadar ba. Wata tana bakin kasko tana suyar ƙosai ko awara, wata ta ɗauko ƙwaryar fura tun daga ƙauye a ƙafa, wata kuwa tana zaune bisa buhunan albasa a bayan mota, tana jiran a gama duba takardu a shinge. Mukan ce musu sannu, mu wuce.

Ni ma haka nake yi, sai da abin ya shigo gidanmu. Ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, tana tuyar ƙosai a bakin tasha. Wata bazara tana da ciki wata bakwai, kullum tun asuba tana gaban wuta har rana ta take. Wata ranar kasuwa da la'asar sai mara da ƙugu suka riƙe ta. Ta ɗauka gajiya ce, ta sayi ƙwaya wajen mai tallar magani ta sha, ta ci gaba da suya domin ƙullun bai ƙare ba. Cikin dare naƙuda ta taso gadan-gadan. Da muka isa likita, ungozomar da ta karɓe ta ta ce jikinta ya bushe, ga kuma ciwo a mafitsara wanda ya kwana biyu ba a sani ba. Aka yi mata ƙarin ruwa, amma naƙuda ba ta tsaya ba. Ta haifi bakwaini, ɗan mitsitsi, wanda aka yi makonni ana ɗaure shi a ƙirjin uwarsa kafin ya fara kama nono sosai. Allah ya raya shi. To amma abin da aka kashe a waɗannan makonni ya ci jarin ƙosan da ribarsa, har da tunkiyar da take kiwo.

Tun daga lokacin na riƙa tambayar ungozomomi da likitocin da ke zuwa shirin kiwon lafiya a gidan rediyonmu, ina kuma bin abin da masu bincike suka gano. Abin da na fahimta shi ne, zafi ga mai ciki ya wuce zufa da kasala. Yana taɓa jininta, yana taɓa saƙonnin da ke riƙe da cikin, yana kuma taɓa garkuwar jikinta.

Jini ɗaya, masu nema biyu

Mace mai ciki ko a lokacin sanyi tana ɗauke da zafin da ya fi na sauran mutane. Jinin jikinta yana ƙaruwa da kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100 kafin ta haihu, zuciyarta tana aiki fiye da da, ga kuma ɗan da ke ciki wanda shi ma jikinsa yana samar da nasa zafi. Masana sun auna cewa ɗan tayi ya fi uwarsa ɗumi da kusan rabin digiri. Shi ba ya zufa, ba shi da inuwar da zai gudu. Hanyar da zafinsa ke fita ita ce ta cibiya da mabiyiya zuwa cikin jinin uwa, ita kuma ta fitar da shi ta fata da numfashi. Idan jikin uwa ya yi zafi, ɗan ba shi da inda zai zubar da nasa.

Yadda Allah ya tsara jikin ɗan Adam, idan zafi ya yi yawa sai jini ya kwararo zuwa fata domin ya sha iska. Shi ya sa jijiyoyin hannu ke tasowa da rana. To wannan jinin da ya tafi fata daga wani wuri aka rage shi: daga hanji, daga ƙoda, a wajen mai ciki kuma har daga mahaifa. Idan aka haɗa da zufar da ta zubar ba ta mayar da ruwa ba, sai jinin ya ragu, abin da ke isa ga ɗan na abinci da iska shi ma ya ragu.

An auna wannan a gona, ba a ofis ba. A ƙasar Gambiya, a wani yanki da ake kira Kiyang ta Yamma, wata likita mai suna Ana Bonell da abokan aikinta na wata makarantar kiwon lafiya ta Landan sun bi mata 92 masu ciki har gonakinsu, suna auna su tare da ƴaƴan da ke cikinsu a lokacin da suke aiki. Sakamakon da suka fitar a 2022 ya nuna cewa duk ƙarin digiri ɗaya na tsananin zafi yana ƙara alamun wahala ga ɗan tayi da kashi 17 cikin 100, wato bugun zuciyarsa ya yi sauri fiye da kima, ko jinin da ke bi ta cibiya ya rage gudu. Waɗannan mata ne da aka haifa cikin zafi suka girma cikinsa kamar matanmu. Don haka maganar da muke yi cewa ai mun saba, uwa ce ta saba, ɗan bai saba da komai ba tukuna.

Ƴan aiken jiki

Akwai wasu sinadarai a cikin jiki da likitoci ke kira homon. Ƴan aike ne. Wani sashe na jiki ya zuba su cikin jini, su kai saƙo ga wani sashe: riƙe, saki, ƙara, rage. Ciki tun daga shigarsa har haihuwa waɗannan ƴan aike ne ke tafiyar da shi.

Babba a cikinsu shi ne furojestaron. Shi ne ke ce wa mahaifa ta kwanta, kada ta matse, kada ta buɗe baki sai lokaci ya yi. A makonnin farko ƙwan mace ne ke samar da shi, daga wajen mako na 10 sai mabiyiya ta karɓi aikin. Masu kiwo za su gane wannan da sauri, domin a jikin dabbobi aka fi auna abin da zafi ke yi masa. Shanun madara a lokacin tsananin zafi furojestaron ɗinsu yana raguwa, barbara ba ta kamawa sosai, wadda ta kama ma takan zube tun da wuri. Tumakin da aka ajiye cikin zafi suna da ciki, mabiyiyarsu ba ta girma yadda ya kamata, su haifi ƴan raguna ƙanana. Mai kaji kuwa ba sai an gaya masa ba, ya san ƙwai na raguwa a bazara, ɓawonsa ya yi laushi. Mace ba saniya ba ce, a yi mini afuwa, amma tsarin ƴan aiken nan kusan iri ɗaya ne, kuma babu likitan da zai kulle mace mai ciki a ɗaki mai zafi don ya gwada. Daga dabbobi aka fara gano hanyar.

Na biyu shi ne wanda ya fi ba ni mamaki. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata ƴar tsoka da ba ta wuce ƙwayar wake ba. Idan ruwan jiki ya ragu, sai ta saki wani homon mai suna basofiresin, wanda ke ce wa ƙoda ta riƙe ruwa. Shi ya sa fitsari ke raguwa ya yi ja idan mutum ya sha rana. To daga wannan wuri guda ne kuma ake sakin oksitosin, wanda shi ne homon ɗin naƙuda. Mata sun san shi ko ba su san sunansa ba, domin shi ne allurar da ungozoma ke yi bayan haihuwa don mahaifa ta matse jini ya tsaya, shi ne kuma ake sa wa cikin ƙarin ruwa idan naƙuda ta yi sanyi. Waɗannan biyu kamar wa da ƙane suke. Kowannensu an gina shi da gutsattsari 9, guda 2 kawai suka bambanta. Saboda wannan kama, mahaifa tana iya amsa kiran basofiresin kamar an kira ta da oksitosin. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa mai ciki da ƙishirwa ta kama sosai take jin ciki yana ɗaurewa yana saki. Ungozomomi sun san haka, shi ya sa idan mace ta zo da irin wannan ɗaurewa kafin lokaci, abu na farko da suke dubawa shi ne ko jikinta ya bushe. Sau da yawa ruwa da hutu su kwantar da shi. Wani lokaci kuma, kamar na ƙanwata, an riga an makara.

Na uku shi ne kotisol, homon ɗin wahala. Wasu ƴan tsoka da ke zaune bisa ƙoda ne ke sakin sa idan mutum ya shiga tsoro, ko yunwa, ko rashin barci, ko zafi mai tsanani. Yana da amfani, shi ke ba mutum ƙarfin jurewa. Amma yawansa ba alheri ba ne ga ɗan tayi. A nan mabiyiya tana aiki kamar ƴan duwan a bakin iyaka: tana da wani sinadari da ke tare mafi yawan kotisol ɗin uwa ya kashe masa kaifi kafin ya ƙetara wajen ɗa. Sai dai kowane ɗan kasuwa ya san idan motoci suka yi yawa a shinge, wasu kaya sai sun wuce ba a duba ba. Idan wahala ta daɗe, ga rashin abinci mai kyau, ga ciwo, tsaron yana raguwa, kotisol ya ƙetara, kuma an danganta hakan da haihuwar jarirai marasa nauyi.

Bugu da ƙari, ita mabiyiya tana da nata agogo. A 1995 wasu masu bincike a ƙasar Ostareliya suka nuna cewa akwai wani homon da mabiyiya ke fitarwa wanda ke ƙaruwa sannu a hankali har ranar haihuwa, kuma matan da nasu ya hau da wuri su ne suka fi haihuwa kafin lokaci. Abin lura shi ne kotisol yana ƙara wa wannan agogo gudu. Ke nan macen da ta kwana ba ta runtsa ba saboda ɗakin kwano ya ƙi hucewa, ta tashi ta wuni a rana, ta maimaita haka mako da makonni, ana tura allurar agogonta gaba ba tare da ta sani ba. Zafin dare a nan ba ƙaramin abu ba ne, domin da dare ne jiki ya kamata ya huce ya huta.

Har ciwon sukari na masu ciki ma an ga yana bin yanayi. A birnin Toronto na ƙasar Kanada an duba haihuwa fiye da 500,000, aka fitar da sakamako a 2017: matan da aka auna bayan wata mai tsananin sanyi, kashi 4.6 cikin 100 ne aka samu da ciwon, waɗanda aka auna bayan wata mai zafi kuwa kashi 7.7. Zafin nasu fa digiri 24 ne zuwa sama. Mu nan a digiri 24 wasu har rigar sanyi suke nema.

Baƙon da aka ba masauki

Yanzu sai garkuwar jiki. Aikin sojojin jiki, wato fararen ƙwayoyin jini da mataimakansu, shi ne su kai hari ga duk abin da ba na gida ba. To ɗan da ke ciki rabinsa na uba ne, ga jikin uwa baƙo ne. Me ya hana a kore shi? Wani masani ɗan Ingila, Peter Medawar, ya yi wannan tambaya tun 1953, kuma amsar da aka tattara daga baya ita ce garkuwar mai ciki ba mutuwa take yi ba, sauya tsari take. A farkon ciki akan ɗan tayar da ita don ɗan tayi ya samu wurin kamawa. A tsakiya sai a kwantar da ita, wasu ƙwayoyi na musamman su riƙa hana sojoji taɓa baƙon, furojestaron kuma yana taimaka musu. Idan wata tara ya cika sai a sake tayar da ita, kuma wannan tashin yana cikin abin da ke buɗe bakin mahaifa. Wato naƙuda da kanta wani irin yunƙuri ne na garkuwar jiki, wanda aka ajiye wa ranarsa.

Matsalar ita ce duk abin da ya tayar da sojojin nan kafin ranar yana iya jawo naƙuda. Zafi mai tsanani yana yin haka ta hanyar da mutum ba zai zata ba, wato ta hanji. Mun ce jini yana barin hanji ya tafi fata. Idan abin ya daɗe, bangon hanji yana rauni, dafin ƙwayoyin cutar da ke zaune cikin hanji ya riƙa tsiyaya cikin jini. Sojoji su ga baƙon abu su buga ƙararrawa, su saki sinadaran faɗa da ake kira sitokin. Su kuma waɗannan suna sa a samar da furostagilandin, wanda ke tausasa bakin mahaifa ya sa ta matsa. Likitoci sun daɗe da sanin cewa ciwo da irin wannan ruruwa ta cikin jiki suna cikin manyan dalilan haihuwar bakwaini.

A ɗaya gefen kuma, sassaucin da garkuwa ta yi don baƙon yana barin wasu ƙofofi a buɗe, bazara kuma ta san waɗannan ƙofofi. Ciwon mafitsara na ɗaya. Furojestaron yana sassauta hanyoyin fitsari, ciki yana danne su, fitsari ya riƙa kwanciya. Idan mace ba ta shan ruwa isasshe, babu abin da zai wanke ƙwayoyin cuta, sai su hau har ƙoda. A nan dole in faɗi wata gaskiya da ta shafi kasuwanninmu. Mata da yawa da gangan suke ƙin shan ruwa ranar kasuwa, domin babu makewayin da mace mai mutunci za ta shiga, ko kuwa akwai amma na kuɗi ne, ga ƙazanta. Namiji ya zagaya bayan mota ya tsuguna, ita kuwa ta riƙe tun safe har magariba. Shugabannin ƴan kasuwa da ke karɓar kuɗin rumfa kowane mako, wannan magana taku ce.

Sai ruwan sha. A bazara rijiyoyi na ja baya, a koma ga kowane irin ruwa aka samu. Akwai wani ciwon hanta mai sa shawara, nau'in da likitoci ke kira E, wanda ake ɗauka ta ruwan da najasa ta taɓa. Ga yawancin mutane yakan warke da kansa. Ga mai ciki a watanni ukun ƙarshe kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana iya kashe mace 20 zuwa 25 cikin 100 da suka kamu. Mun ga haka a jihar Difa a 2017, inda akasarin waɗanda suka rasu mata ne masu juna biyu.

Zazzaɓin cizon sauro shi ma yana da nasa hannu. A Gambiya dai, wani bincike da aka buga a 2000 ya gano cewa sauro ya fi zuwa wajen mai ciki har ninki biyu bisa wadda ba ta da shi, saboda numfashinta ya fi yawa kuma fatar cikinta ta fi ɗumi da digiri 0.7. Ƙwayar cutar kuma tana da dabarar maƙalewa a mabiyiya inda take ɓuya, musamman a cikin fari. Yanzu a haɗa da ɗabi'armu: zafi ya hana barci, a fito tsakar gida, a yaye gidan sauro saboda yana tare iska, ruwan farko ya sauka, sauro ya dawo, mu kuwa ba mu mayar da gidan sauron ba.

Shi kansa jaririn garkuwarsa daga uwa yake karɓa, ta cibiya a watannin ƙarshe, sannan ta dakashi bayan haihuwa. Wanda ya fito da wata bakwai bai gama karɓar rabonsa ba. A jihar Fulorida ta Amurka an gwada da shanu: maruƙan da uwayensu suka sha zafi a ƙarshen ciki sun fito da ƙarancin nauyi, kuma hanjinsu bai ɗauki garkuwar da ke cikin dakashi kamar na sauran ba. Wannan ya isa dalilin da zai sa a daina matse dakashi ana zubarwa.

Abin da lissafi ya nuna

A 2020 wata mujallar likitoci ta Ingila ta buga aikin da ya tattara bincike 70 daga ƙasashe 27. Abin da ya fito shi ne duk ƙarin digiri ɗaya yana ƙara haɗarin haihuwa kafin lokaci da kusan kashi 5 cikin 100, haka ma haɗarin haihuwar ɗa ba rai, a ranakun da zafi ya yi tsanani a jere kuwa haɗarin bakwaini yana ƙaruwa da kashi 16. A jihar Tamil Nadu ta Indiya an bi mata 800 masu aikin gona, da gasa bulo, da haƙar gishiri, aka ga waɗanda ke aiki cikin zafi mai yawa haɗarin ɓari ko rasa ɗa ya ninka a wajensu. Kashi 5 kamar ba yawa. To amma ɗan kasuwa ya san abin da kashi 5 ke zama idan aka buga shi da yawan kaya, kuma mu ba digiri ɗaya muke magana ba. A Ƙonni da Tawa da Maraɗi, Afrilu da Mayu zafi kan kai digiri 40 ko ya wuce kusan kowace rana. A ranar 3 ga Afrilu 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, kuma asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙidaya mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan, alhali a Afrilun 2023 gaba ɗayansa 130 ne. Masana yanayi sun ce irin wannan zafi ba zai yiwu ba in ba don ɗumamar duniya ba, kuma zai riƙa dawowa.

Akwai kuma haɗarin farkon ciki wanda ba a cika magana a kansa ba. Ƙashin baya da lakar ɗan tayi suna rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. Idan zafin cikin jikinta ya haura digiri 39 a wannan lokaci, ko saboda zazzaɓi ko saboda rana, haɗarin a haifi ɗa da buɗaɗɗen baya yana ƙaruwa. Ga shi kuma al'adarmu ta kunya, musamman a cikin fari, takan sa yarinya ta ɓoye har sai ya fito, tana ta aikin rana ba wanda ya sassauta mata.

To me za a yi?

Ba na cikin masu cewa mai ciki ta bar sana'a ta zauna gida. Wanda ya faɗi haka bai san abin da ke ciyar da gidaje da yawa ba. Abin da ake iya canzawa shi ne lokaci, da wuri, da ruwa, kuma yawancin waɗannan a hannun maza suke: miji, mai rumfa, direba, sarkin tasha.

Suya da daka da ɗaukar kaya a tura su sassafe ko bayan la'asar. Daga ƙarfe 11 zuwa 4 a samu wanda zai karɓe ta a bakin wuta, ko ƴa, ko ƙanwa, ko kishiya in ana zaman lafiya. Rumfar zana ta fi ta kwano sanyi nesa ba kusa ba, wanda kuma ya riga ya yi kwano yana iya shimfiɗa zana ko karan dawa a bisa. Direban da ya ɗauki mai ciki ya ba ta gaba, kada a ɗora ta kan kaya, in an tsaya a shinge a bar ta ta sauka ta nemi inuwa. Tafiyar da za a iya yi da asuba kada a bar ta sai azahar.

Ruwa kuwa kada ta jira ƙishirwa. Ko ba zafi mai ciki tana bukatar lita 2 zuwa 3 a yini, a bazara fiye da haka. Ma'auni mafi sauƙi shi ne fitsari: idan ya yi ja kamar shayi kuma kaɗan ne, ruwa bai isa ba. Ruwan randa mai tsabta ya wadatar, ga farau-farau, ga kunu, ga kankana. Ranar da ta yi zufa sosai, ko tana amai ko zawo, a haɗa mata ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Jiƙa mayafi a ɗora a wuya, da zuba ƙafafu cikin ruwa, suna sauke zafi da sauri. Hijabin yadin roba mai kauri a ajiye shi sai sanyi, a nemi na auduga.

Maganar azumi, malamai sun yi bayani cewa shari'a ta yi wa mai ciki rangwame idan tana tsoron cutuwa ga kanta ko ga ɗanta. Azumin 2024 ya faɗo cikin wancan zafi da muka ambata, kuma ko da yake watan yana ja baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, akwai masu ramuwa da masu nafila da ke ɗauka a bazara. Ta tambayi malami, ta tambayi ungozoma, kada kunyar mutanen gida ta yanke mata hukunci.

Ƙwayar da ƙanwata ta saya a tire ita ma sai na yi magana a kanta. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda ake sayarwa kamar goro a kowace kasuwa, ba na mai ciki ba ne. Suna wahalar da ƙodar da ruwa ya riga ya yi wa kaɗan, daga wata na biyar kuma suna iya rage ruwan da ɗan ke kwance a ciki. Idan jiki ya yi zafi a je a auna jini, domin zafin rana da zazzaɓin sauro da ciwon mafitsara duk kamanninsu ɗaya a ido, maganinsu kuwa daban-daban. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je awo sau 8 kafin haihuwa. A wurin awon ne ake ba da maganin ƙarin jini, da Fansidar na rigakafin zazzaɓi daga wata na huɗu, a auna hawan jini, a duba fitsari.

Akwai alamun da ba a jira gari ya waye a kansu, ba a kuma jira a tashi kasuwa: ciki yana ɗaurewa a kai a kai kafin wata tara kuma ruwa da hutu ba su kwantar da shi ba, zubar jini ko fashewar faya, ɗa ya rage motsi, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, idanu su yi rawaya, fitsari ya ɗauke, ko ta fara sambatu ko ta suma. Idan ta suma ko hankalinta ya gushe a rana, a kai ta inuwa, a kwantar da ita ta gefen hagu, a jiƙa mata jiki ana fifita, kada a ɗura mata ruwa a baki, a nemi mota nan take.

Matan da ke ƙetara iyaka cin kasuwa kuma, katin awo ya riƙa tafiya tare da su a cikin jaka, kamar yadda katin ɗan ƙasa ke tafiya. Naƙuda tana iya kama ƴar Ƙonni a Illela, ko ƴar Jibiya a Maraɗi. Katin wannan gefe da Faransanci aka rubuta shi, na wancan da Ingilishi, amma lambobin hawan jini da na watannin ciki kowace ungozoma za ta iya karanta su.